Sai Shamuwa Ta Ɗauki Tsinke

Kakarmu ta wajen uba, Kaka Jimma, ba ta yin tatsuniya da damina. Ta ce wanda ya wuni a gona har kunnensa a gajiye yake. Sai an kai hatsi rumbu, ɗari ya shigo, sannan take sa a tara mata kara da busasshen kashin shanu a ƙofar ɗakinta. Da an ci tuwo an wanke hannu sai mu kewaye wutar, mu jikoki da yaran maƙwabta, har da na rugar Fulanin da ke sauka a gonarmu bayan girbi. Ƙauyenmu ƙarami ne a ƙasar Ɗan Kassari, gidaje ƙalilan da rijiya ɗaya, sai wata babbar tsamiya a tsakiya wadda baƙi ke gane mu da ita tun daga nesa.

Wutar kara ba ta da haƙuri. Ta tashi fuu ta ƙona maka gwiwa, kafin ka gyara zama ta mutu, bayanka kuma yana shan sanyi duk tsawon lokacin. Ni ne mai ƙara mata kara, don ni ne babba a jikoki maza, kuma ni Kaka ke kira maigidanta. Kullum tana ƙarata a gaban mutane, wai ta auri miji mai kallon sama, tsuntsu ya gifta ya manta da ita da yunwarta. Ƙanena Arzika, wanda ke bi mini, shi ne mijinta na kirki, don shi tun yana ƙarami idonsa a ƙasa yake.

Tana da yadda take buɗe zance. Sai ta shimfiɗa bakin zanenta bisa cinya ta ce, “Ku ba ni kunnuwanku aro.” Kowa ya kama kunnensa ya yi kamar ya tsinke shi ya jefa mata. In ta gama sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta mayar, wanda ya yi surutu kuma ta ce nasa ya faɗa wuta, ya kwana haka.

Ta yi mana tatsuniyoyi da yawa da na manta. Wadda ta zauna mini ita ce ta shamuwa da shirwa.

Wai a da, ruwan sama baƙo ne mai doguwar tafiya, kuma ba ya sauka inda ba a shirya masa ba. Saboda haka yakan turo shamuwa gaba ta duba masa masauki. Ta sauka a gari, ta leƙa rijiya, ta dubi mutane. In wurin ya yi mata, sai ta ɗauki tsinke a baki ta aza bisa itace, shimfiɗar baƙo ke nan ta fara. In ba ta ɗauka ba, hutun ƙafa kawai take yi, gobe sai ka neme ta ka rasa. A wani gari akwai wani tsoho da aka ɗora wa aikin dubanta. Yakan zauna gindin itace kwana da kwanaki, a tambaye shi ya ce tukuna, a sake tambaya ya ce tukuna. Mutane suka gaji da tukunarsa. Sai shirwa ta zo ta ce ita daga can sama take ganin kowa, tana gane tsuntsu tun yana ɗigo a sararin samaniya, ladanta kuma ɗan tsako ne kawai. Aka sallami tsoho aka ɗauke ta.

Bazara ta yi, shirwa ta yi kuka ta ce ga shamuwa. Shamuwa ce kuwa, ba ƙarya. Gari ya fita da iri aka zuba a ƙasa. Washegari shamuwa ta kaɗa fiffike ta yi gaba, ruwa bai zo ba, iri ya mutu. Aka taru aka tuhumi shirwa. A nan Kaka kan matse hanci ta yi muryar shirwa, mu kuma mu fara dariya tun ba ta faɗa ba:

“Cewa kunka yi in hwaɗa muku ko wa ta. Na hwaɗi. Wa yac ce in duba ko zama taz zo yi? Ku ba ni ɗan tsakona.”

Suka hana ta, shi ya sa har yau take sauka ta ɗauki ladanta da kanta.

Mu yara, zancen tsako shi ne namu. Washegari duk shirwar da ta gifta sai ta sha jifa da zagi. Ni kaɗai na dame ta da tambayar abin da ya sami tsohon. Wata rana ta ce an je an ba shi haƙuri ya dawo. Wata rana ta ce ya bar garin. Ranar da na matsa mata da yawa, ta tura kara cikin wuta ta ce, “Maigida, mi ya dame ka da tsoho? Kai dai in ka ga shamuwa, dubi bakinta.”

Kuma haka ake yi a gidanmu, ba a tatsuniya kaɗai ba. Shamuwa na sheƙa a tsamiyarmu kowace shekara. Da an ga baƙin bayanta da farin cikinta bisa reshe sai ƙauye ya ɗauki murna, amma Kaka ba ta barin a taɓa iri sai ta ga tsinke da idonta. Irin nan kuwa nata ne. Wani gero ne mai doguwar zangarniya da gashi-gashi a jiki, wanda tsuntsaye ba sa son sauka a kai. Da shi ta zo daga gidan ubanta a wajen Gesheme lokacin da aka kawo ta aure. Duk kaka ita ke shiga gona ta zaɓi zangarnun da suka fi cika ta ɗaure su daban. Furarsa tana da wani ƙamshi da ban taɓa samu a ta kasuwa ba. Hatsin Kaka muke ce masa, ba mu san masa wani suna ba.

Daga baya aka kai ni lakwal, wato makarantar boko. Na zama mushe, kamar yadda ake kiran malamin makaranta a wajenmu, na yi ta koyar da ’ya’yan mutane daga wannan gari zuwa wancan, har na aje alli na zauna a Dogon Dutsi. Kaka ta rasu ina wurin aiki. Tsamiyar ma wata iska ta kayar da ita, sauran manyan itatuwan gatari ya cinye, shamuwa ta daina zuwa ƙauyenmu gaba ɗaya. Arzika shi ya zauna da gonar da irin. Tun da aka sami salula muka yi wata al’ada tsakaninmu. A bakin Dogon Dutsi, kusa da tafki, akwai wasu gawo da shamuwa ke sheƙa har yanzu. Duk bazara nakan je in zauna, ranar da na ga tsinke a bakinta in kira shi in faɗa masa. Shi kuma ya fita da sungumi ya yi binne, wato ya shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Ba don son ransa yake binne ba. ’Ya’yansa maza suna ci-rani, bayansa ya lalace, ba zai iya gama gona shi kaɗai a ɗan lokacin da ƙasa ke da laima ba.

Kallon saman da Kaka ke yi mini gori a kai bai bar ni ba. Wani tsohon ɗalibina da ke aikin muhalli shi ya haɗa ni da wasu masu sa-kai da ke lura da tsuntsaye. Ba a biyan kowa. Ka ga tsuntsu, ka ɗauki hoto da waya, ka aika da sunan wurin, can wasu masana su tara su san wanne ke raguwa, wanne ya sauya hanya. Na ji daɗin abin ƙwarai a farko. In ka sa hoto sai mutane su taru a kai. Wani a Maraɗi ya ce zalɓe ne, wata baturiya da ban taɓa gani ba ta tambaye ni da Faransancinta mai sanyi ko me yake ci lokacin da na gan shi, ko shi kaɗai ne, ko yana kuka. Mu yi kwanaki muna gardama a kan tsuntsu ɗaya. Matata ta ce na tsufa na koma yawon farautar da ba a dawowa da nama, amma ita ke tuna mini in sa hula in rana ta yi zafi.

Sai aka kawo na’urar nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira aka sa a cikin manhajar wayar da muke aika hotunan. Kafin ka sauke hannu ta faɗa maka sunan tsuntsu. Ba zan ci amanarta ba, ta iya. Ta sha gyara mini kuskure, kuma na ji da hotunanmu ne ma aka koya mata. Amma tun da ta zo zauren hirarmu ya yi tsit. Ba mai tambayar me tsuntsu yake yi, tunda an riga an san ko wane ne. Baturiyar nan ban sake jin ɗuriyarta ba. Samari kuma suka gano ana iya sa wata na’urar ta ƙera hoton abin da babu. Wani ɗan banza ya sa jimina tsaye bisa dutsen garin nan, tana kallon tasha kamar mai jiran mota. Aka yi dariya, ni ma na yi. Daga baya duk hoton da ya yi kyau da yawa sai in tsaya ina zarginsa, abin da ya gajiyar da ni ke nan fiye da tafiyar.

Bara aka ƙara wani abu. Aka ce na’urar za ta riƙa tattara abin da muka gani ta mayar da shi saƙon murya da Hausa, ta aika wa manoma. Na ga abin alheri ne. Ni da hannuna na sa lambar Arzika, na ce ko ba komai zai riƙa jin sunan yayansa a waya.

Daminar bara ba ta yi kyau ba. Abin da Arzika ya samu an ci, irin da ya rage na hatsin Kaka bai wuce cikin ƙwarya ba. Ya ɓoye shi har ga matarsa.

Bana, ana tsakiyar zafi, na fita da safe na iske shamuwa ’yan ƙalilan bisa gawon nan. Na tsaya na dube su. Bakinsu wayam, sun juya gaba ɗaya wuri guda, ba mai sauka ƙasa. Matafiya ne, ko yaro na gidanmu zai gane. Na ɗauki hoto na aika, don ganin farko na shekara yana cikin abin da masanan suka fi so. Na’ura ta ce shamuwa. Na koma gida na sha fura na kwanta, da niyyar in ci gaba da zuwa har in ga tsinke. Washegari ba ko ɗaya a wurin.

A ƙauyenmu sai an hau tudu ake samun rezo, wato layin waya ya kama, saboda haka kwanaki sun shuɗe kafin Arzika ya kira. Muryarsa cike da fara’a.

“Yaya, na ji saƙonka. Na ƙare bizne jiya, dut na zuba.”

Na ce wane saƙo. Ya ce wata murya ce mai ladabi ta kira sunana, ta ce Mushe Gado ya ga shamuwa a Dogon Dutsi, alamar damina ta kusa, manoma su shirya iri. Na tambaye shi ko ya bar wani abu a ƙwaryar, ko tafi ɗaya. Daga tambayar ya gane. Sannan ya ce a’a, irin bai ma kai ƙarshen gona ba.

Binne yana iya jira in ƙasa ta zauna a bushe. Abin da muke tsoro shi ne ruwan da bai kai ba, kuma shi ne ya zo. Wani hadari ya taso ya yi yayyafin da ya jiƙa bayan ƙasa, ya tashi irin daga barci, ya wuce. Rana ta dawo da ƙarfinta. Na hau kabu-kabu na tafi, ba don ina da abin yi ba, sai don na kasa zama. Na iske shi a gona. Muka bi layi muna tona ramuka da yatsa. Ko’ina tsiron ya fito siriri kamar zare, ya bushe tun bai ga sama sosai ba. Arzika ya tsufa fiye da ni yanzu, ko da yake na girme shi. In ya duƙa sai ya dafa gwiwa kafin ya miƙe.

Na fara yi masa bayanin yadda abin yake, cewa hoto kawai na aika, saƙon ba ni na yi ba. Ya saurara har na gama.

“Ni ban san na’ura ba,” in ji shi. “Sunanka ni ji. Nic ce wanda yaz zamna gaban Kaka ba shi cewa ta zo sai ya ga tsinke.”

Bai faɗa da fushi ba. Da ya yi fushi da na fi samun sauƙi. Ya ce in zo mu je gida rana ta yi, matarsa ta dama mana fura da hatsin kasuwa.

Da na dawo na nemi tsohon ɗalibin nan nawa na zazzage masa duk abin da ke cikina. Yaron kirki ne, ya ji zafi, ya ce zai kai maganar gaba. Amma ya ƙara da cewa, cikin ladabi, na’urar ba ta yi kuskure ba, shamuwa ce na ɗauka, kuma a littattafai ma an rubuta zuwanta alamar damina ce. Gaskiya kuwa ya faɗa. Na bi dangin Kaka a wajen Gesheme ko wani ya riƙe irin. Suka ce tuni nasu ya gauraye da wanda ake rabawa. Na tambayi tsofaffin ruga da muke musayar hatsi da nono da su a da, suka yi mini dariyar tausayi, suka ce su abin da suka karɓa a ranar suke dakawa.

Na san abin da mai karatu zai ce, shirwa ce ta dawo cikin waya. Ni ma na faɗa wa kaina haka, ya yi mini daɗi na kwana biyu. Amma da na ƙara tunani sai na ga Kaka ba ta taɓa zagin shirwa ba, mu ne muke jifarta. Shirwa ta yi abin da aka ɗauke ta ta yi. Mutanen garin ne suka gaji da zaman jira da jin tukuna, kuma ban ga laifinsu sosai ba, jira da yunwa ba daɗi. Abin da na fahimta yanzu, da furfura a kaina, shi ne aikin tsohon nan ba sanin suna ba ne. Kowa a garin ya san shamuwa. Aikinsa shi ne ya zauna har abin ya nuna nufinsa, kuma ya iya riƙe bakinsa kafin nan. Ban san yadda ake koya wa na’ura ta ce tukuna ba. Ban ma tabbata masu ita suna so ta iya ba, tunda saurinta ake yabo. Na gaji da wannan tunanin, na gaji da gardama da samari a kansa, wani lokaci har fitar safen nakan ji ba na so.

Ana nan Arzika ya shigo Dogon Dutsi ranar kasuwa don ya nemi wani irin, kowane iri ne, kada gona ta kwana fayau. Ya saya ya ƙulle a buhu. Da la’asar na raka shi inda zai sami mota, hanyar kuwa ta bakin tafki take bi. Sama ta yi nauyi daga gabas, iska tana ƙamshin ƙasa. Shi ne ya fara tsayawa. Gawon cike yake da shamuwa, wasu a ƙasa suna tafiyar nan tasu ta masu gari. Ɗaya ta sunkuya ta ɗauki tsinke, ta gwada nauyinsa, ta yar, ta ɗauki wani, ta tashi da shi ta aza a reshe ta danna da baki.

Muka tsaya muna kallo, tsofaffi biyu da buhun irin da ba mu san ubansa ba. Wayata tana aljihu, ban yi niyyar taɓa ta ba.

“To, yanzu kam ta zo,” in ji Arzika. “Ɗauka ka hwaɗa musu.”

Na ciro na ɗauka. Hoton ya fito da kyau, har tsinken ana gani a bakinta. Kafin in sauke hannu amsa ta fito, shamuwa, daidai da ta wancan karon, ba ƙari ba ragi. Na nuna masa. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya saɓa buhunsa, ya ce mu yi sauri kada ruwa ya tare shi a hanya.